Ustaz Ƙamus da Yaƙin Wasali Ɗaya

Allah ya yi wa garin Gadarif na ƙasar Sudan baiwa uku: riɗi, dawa, da Ustaz Hafizu. Riɗi da dawa sai an yi ruwa suke fitowa. Ustaz Hafizu kuwa ko ba damina yana nan tsaye, fari fat, da jallabiya mai kaifin guga da rawani mai hawa huɗu, wanda in aka warware shi zai ishi gida guda labule.

Shi ne ra'is na Nadi Najma, wato shugaban ƙungiyar ƙwallon unguwa. Ƙafarsa ba ta taɓa dukan ƙwallo ba, amma kada wani ya ɗauki wannan aibi. Shi da baki yake shugabancinsa, bakin kuwa Allah ya hore masa. Shekara ashirin ya yi yana auna buhunan riɗi a kasuwar amfanin gona. A nan ne wani baƙo ya manta da ƙamus a kan sikeli, Ustaz ya ɗauka ya kai gida, kuma tun daga ranar unguwa ba ta sake hutawa ba. Kowa a Gadarif yana jin Larabci, na kasuwa da na cikin raksha, wato keken haya mai ƙafa uku, irin wanda ake taya albasa da shi. Shi kaɗai ne yake taya albasa da Larabcin huɗuba. Yakan tsaya gaban mai burodi yana ɗora wa kowace kalma wasalinta har ƙarshe, kafin ya kai aya burodin ya huce. Shi ya sa ake ce masa Ustaz Ƙamus. Shi kuwa, bawan Allah, ya ɗauka sarauta aka ba shi.

Hausa fa? Cewa yake ta ɗan yi masa nisa. Kakansa da ƙafa ya tako daga Haɗeja zai je Makka, ya tsaya a nan noman shekara ɗaya, har yau ana kan noman. Amma jikan ya ce harshen ya yi masa nauyi a baki. Sau biyu kacal aka ji Hausa ta fito masa garau kamar ruwan randa: ran da kunama ta kwana a takalminsa, da ran da ƙofar nadi ta datse masa yatsa.

Mutum ɗaya ce duk garin ba ta ce masa Ustaz. Ita ce yayarsa Zaituna, wadda ta goye shi, ta share masa hanci, take kuma kiransa da sunan da uwarsu ta sa masa, Ɗan'auta. Zaituna tana sayar da jabana a gindin bishiyar nim da ke ƙofar nadin. A gabanka za ta soya bun, wato 'ya'yan gahawa, ta daka da citta, ta tafasa, ta juye a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, ta tsiyaya maka a finjal, ɗan mitsitsin kofin tangaran. Tun rasuwar mijinta, murhun nan da kujeru 'yan tsugunne goma sha ɗaya su ne gonarta, su ne rumbunta. Da su take ci, da su jikokinta uku suke ci. Bun ɗin da take soyawa na kamfanin nan ne mai hoton jimina a jikin leda, wanda kowa ke ce wa Mai Jimina. Shi ne a duk kantunan unguwar, shi ne kuma ke ɗaukar nauyin shirin ƙwallo a rediyo.

Wata Asabar Najma ta tafi wasa garin Fau. Ra'is bai bi su ba, domin a lori aka tafi, lori kuwa ba ya ganin girman farar jallabiya. Ya zauna a ofis ƙarƙashin fanka, rediyo a gabansa. Mai sharhin wasan wani Faisal ne, saurayi mai baki kamar injin niƙa. Ana cikin wasa 'yan Najma suka hana masu gida sakat, Faisal ya ɗauki zafi, ya kwarma ihu da Larabcin gari: "Awlad Najma del jabana!"

Duk wanda ya ji ya gane. Yaran Najma jabana ne, zafi gare su, ba sa barin kowa ya yi gyangyaɗi. Yabo ne, ya kuma haɗa da ɗan talla don masu biyan kuɗin shirin su ji daɗi. Faisal ma ya ci gaba da bayanin haka. Sai dai Ustaz bai ji ba, don ya riga ya kashe rediyon da ƙarfin da maɓallin ya ɓalle a hannunsa. Shi babu jimlar da yake jira ta ƙare sai tasa. Ya jawo ƙamus, ya lashi yatsa, ya buɗe harafin jim, ya sami abin da yake nema: jubana'u, matsorata. Tsakanin kalmomin biyu kusan wasali ɗaya ne. In fataha ce a kan jim, gahawa ce. In rufu'a ce, an zagi unguwa.

Washegari bayan la'asar ya tara jama'a a gindin nim ɗin, ya hau benci.

"Ya ku ma'abota Najma! Ya ku zuriyar waɗanda suka keta daji da ƙafa ba su waiwaya ba! An tsaya gaban makirufo, gabas tana ji, yamma tana ji, an kira mu matsorata! Ni da kunnena na ji rufu'ar nan, ta fito a murɗe kamar ƙahon rago!"

Kassim mai raksha ya ɗaga hannu a hankali. "Ustaz, ni fa ina tuƙi na ji shi. Jabana ya ce."

"Da kunnen kasuwa ka ji, ya Kassim. Yaron nan a cikin wasali ya ɓoye wuƙarsa, don ya san ba kowa ne ya yi karatun da zai gan ta ba."

Wa zai so a ce bai yi karatu ba? Rabin mazan unguwar ma suna Simsim wajen yankan riɗi ranar wasan, ba su ji komai ba, su ne kuwa suka fi kowa fushi. Kafin magariba an kafa lajnar muƙaɗa'a, wato kwamitin ƙaurace wa Mai Jimina, mai mutum goma sha huɗu, sha uku daga ciki mataimakan shugaba ne. Kassim ya sami mataimaki na musamman, nan take ya tuna cewa lallai rufu'a ya ji. Aka zartar da ƙuduri: babu ɗan Najma da zai ƙara kai bun ɗin Mai Jimina bakinsa sai Faisal ya nemi afuwa a rediyo.

Zaituna tana zaune taku biyar daga bencin, tana fifita gawayi. Da aka watse ta kira shi.

"Ɗan'auta, zo nan. Ni ma ina da rediyo. Ka san wanda ka ƙaurace wa?"

"Ya Hajja, a bainar jama'a Ustaz ake cewa. Kamfani na ƙaurace wa."

"Kamfanin yana Khartum ko ina ne oho, bai san an haife ka ba. Ni ce a ƙofarka."

Ustaz ya gyara rawani ya ce kowace gwagwarmaya tana da shahidanta, tarihi kuma ba zai manta da ita ba. Ta tambaye shi ko tarihin zai zo da garin kisra, wainar dawarsu ta kullum, don jikokinta ba su iya cin tarihi gaya ba.

Muƙaɗa'a ta kankama. Aka manna takarda a jikin nim ɗin, an zana jimina an soke ta da jan alƙalami. Dattawa suka koma shan zoɓo da safe, suna hamma har ana ganin dasashinsu. Mataimakan shugaba kuwa, mutane masu kishi, kullum da hantsi sai ka ga kowannensu ya sami uzuri a tsallaken kwari, a wata unguwa, inda wasu mata ke soya Mai Jiminan nan dai. Sukan dawo idonsu tar, suna warin citta, su tsaya gadin kujerun Zaituna kada wani maci amana ya zauna. Kamfani bai ji ko ƙaiƙayi ba. Kujeru goma sha ɗaya ne kawai suka yi ƙura.

A rana ta uku ciwon kai ya kama ra'is, irin wanda ke sa mutum ya ji kamar ana daka masa bun a tsakar ka. Shekara arba'in bai taɓa wayar gari ba jabanar yayarsa ba. Da safe bayan an fito masallaci ya zagaya ta ƙofar baya, ya same ta a tsakar gida.

"Ya Hajja, ko kina da wani magani na gargajiya? Baƙi haka, mai ɗan citta."

Zaituna ta dube shi tun daga rawani har takalmi. Ta soya, ta daka, ta tafasa, ta ɗauko tukunyar ƙasa za ta juye. Ya tare ta da sauri. A nan ne fa ilimi ya yi rana. Ya bayyana mata cewa asalin kalmar jabana sunan tukunyar ne, ba na abin da ke ciki ba. Saboda haka duk abin da bai bi ta tukunya ba, bai kuma sauka a finjal ba, a nahawu ba jabana ba ne. Ta zuba masa a kofin roba mai ruwan ganye. Ya shanye, ya nemi ƙari, ya fita ta baya, ya zagayo ta gaba, ya hau benci ya yi jawabi a kan haƙuri. Haka aka yi kullum.

Asabar ta zagayo, Najma ta karɓi baƙi a gida. 'Yan wasan ne kaɗai suka riƙe ƙudurin da gaske, don su suka ɗauka an zaga. Suka shiga fili kamar waɗanda aka tasa daga barci. Ayuba mai tsaron gida yana tsakiyar hamma ƙwallo ta huɗu ta wuce shi, ta biyar kuwa shi da kansa ya ce bai gan ta ba sai a raga. Ustaz ya ce wannan makircin kamfani ne.

Ran nan Zaituna ta leƙa buhun gawayi ta ga ƙasa. Wata maƙwabciya ta ce mata akwai lorin da zai tashi Asabar zuwa Fashaga, inda ma'aikatan girbi ke neman mai dafa musu shayi. Mace mai shekara sittin da biyar, da gwiwar da ke ƙara in za ta tashi, ta kwana a bukkar gona wata biyu, ta bar jikoki a hannun mutane. Ta ce a ajiye mata wuri. Amma kafin nan akwai inda za ta.

Laraba da hantsi ta yafa tobinta, mayafinta mai kyau, ta naɗe tukunya da finjal a tsumma, ta hau raksha zuwa gidan rediyo. Mai gadi ya ce ba a shiga. Ta zauna a ƙofar, ta ari wuta wajen mai shayin wurin, ta fara soya bun. Kafin ƙamshin ya gama zaga ginin, mai gadin da kansa ya je ya kira mata Faisal.

Ya sha finjal na farko yana jin labari, ya yi dariya har ya ƙware.

"Ya Hajja, wallahi yabonsu na yi. Ta yaya zan nemi afuwar zagin da ban yi ba?"

"Ɗana, ban ce ka yi ƙarya ba. Ka ga wasan Asabar?"

"Na gani."

"To ka duba da kyau, a cikin maganar nan taka akwai wanda ka ɓata wa suna. Shi za ka bai wa haƙuri."

Faisal ya dubi finjal ɗin da ke hannunsa, ya dube ta, ya miƙa a ƙara masa.

Labari ya iso unguwa cewa ranar Juma'a da yamma mai sharhi zai nemi afuwa. Ustaz ya ce ya san wasiƙa mai shafi tara da ya aika wa gidan rediyon ce ta girgiza su. Ya sa aka ɗaura lasifika a reshen nim, aka share wuri, ya ƙara wa rawaninsa hawa ɗaya. Mataimaka goma sha uku suka jeru a bayansa. Zaituna ta hura wuta da ragowar gawayinta.

Muryar Faisal ta cika unguwa. Da farko ya sako maganarsa ta Fau tun daga kai har wutsiya, fatahar nan ta fito a shimfiɗe, ko kurma ya ji ta. Sannan ya ce, da Larabcin da har tsofaffi ke ganewa: "Jama'a, na kwatanta yaran Najma da jabana. Bayan ci biyar na ranar Asabar, na gane na yi kuskure babba. Jabana ba ta taɓa yin hamma a bakin aiki ba. Ina neman afuwar jabana, musamman ta Hajja Zaituna da ke ƙofar nadi, wadda ban taɓa shan irinta ba."

Kassim ya sunkuyar da kai yana nazarin yatsun ƙafarsa. Amma kada ku raina Ustaz. Ya miƙe, ya ɗaga hannu sama.

"Kun ji? Afuwa ya ce! Kalmar ta fito daga bakinsa! Ya ku jama'a, mun yi nasara!"

Ba wanda ya tsaya jin sauran jawabin. Mutum talatin suka yi kan kujeru goma sha ɗaya, har da masu raksha biyu daga wata unguwa da suka ji a rediyo suka zo gani. Zaituna ta aika a gaya wa mai lorin Fashaga ya ba wani wurinta.

Ra'is ya taho cikin ƙasaita, aka tashi aka ba shi kujera. Ya sanar da jama'a cewa yau kwana goma sha biyu ke nan harshensa bai ɗanɗani wannan abu ba, har ya manta kamanninsa, amma shugaba shi ke fara yin haƙuri, shi ke ƙarshen sha.

Zaituna ta ɗaga tukunya a hannun dama, ta ɗaga kofin roba mai ruwan ganye a hagu, yadda na bayan ma za su gani.

"Ɗan'auta, yau a finjal zan zuba maka, ko a kofin maganinka na kullum da safe?"

A karo na uku a tarihin Gadarif, ba kunama, ba ƙofa, aka ji Hausar Ustaz Ƙamus ta fito garau:

"Haba Yaya, don Allah ki rage murya mana."