Kwana Tara da Suka Hana Corinne Tallafin Karatu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Tallafin Karatun Jami'a, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan iyali suna lafiya, da fatan kuma na'urar ɗumama ofishinku tana aiki, don tamu ta yi yaji tun Nuwamba.

Ni ne Wendell Haskins, direban motar makaranta a Fenwick Falls shekara ashirin da shida. Takardarku ta iso ranar Talata a jiƙe da ƙanƙara, matata Marlene ta shanya ta a bakin murhu kafin muka karanta. Mun gode da "muna baƙin cikin sanar da ku" da kuka rubuta har sau biyu. Baƙin cikin ya iso lafiya.

'Yarmu Corinne ta zo mana tana da shekara goma sha ɗaya, kayanta a baƙar ledar shara, bayan gwamnati ta zaga da ita gidajen riƙo shida. Yau jami'a ta ba ta gurbin karatun likitan dabbobi, ana jiran amsarta ƙarshen Mayu. Ga 'yan koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Kun ce tallafin na yaron da ya cika shekara goma sha uku yana hannun gwamnati ne, Corinne kuwa kotu ta mayar da ita 'yarmu saura kwana tara ta cika. Gaskiya ne, Yallaɓai, lissafinku ba gyara. Alƙali ya ba mu rana biyu mu zaɓa, uku ga Maris ko ƙarshen Afrilu. Muka tambayi yarinyar, ta ce, "Ta farkon, kafin ku canza ra'ayi." To wa za a hukunta? Ita da ta ji tsoro, ko mu da muka yi gaggawar son ta? Ashe ƙauna ma tana da ranar buɗe kasuwa?

Na biyu. Fom ɗinku ya nemi adireshin duk gidan da ta taɓa zama, har da lambar titi. Yarinyar da aka riƙa ɗauka a mota daga gida zuwa gida tun tana da shekara biyar? Abin da ta riƙe shi ne gidan mai kare gurgu, da gidan da ake kulle firji da kwaɗo. Mun rubuta haka, na'urarku ta ce ba ta san unguwar ba.

Na uku. Na kira layinku, kuka sa mini kiɗa na minti hamsin, har na fara son sa. Daga baya wani ma'aikaci mai kirki ya ɗauka, ya ce da mun ɗan jira. Marlene ta fizge wayar ta ce, "Mu jira me, ɗan nan? Yarinya ce ko tumatir da za a bari ya nuna?" Ina ba shi haƙuri a madadinta. Ita ta ce ba ta bayar ba.

Na huɗu. Kun sa mu cikin masu hali saboda kun ga kwalekwale a takardunmu. Ranka ya daɗe, rabonsa da tafki shekara takwas. Kajin Marlene ne suke ƙwai a ciki. In dukiya ce, ku aiko a ɗauka, amma a zo da kwando.

Corinne ta ce, "Baba, bar su kawai. In yi shekara guda ina wanke karnukan mutane, in tara." Na ce ba da ni ba. Na karɓi tuƙin motar 'yan yawon buɗe ido na hutun bazara, Marlene ta koma gasa burodi a kantin bakin hanya. Za ta tafi jami'a, ko da ku ko ba ku, sai dai da ku gwiwoyina za su fi godiya.

Saura magana ɗaya. Akwai Nadine, wadda muke riƙo yanzu, shekararta goma sha biyu da wata biyar. Kotu ta sa ranar sha huɗu ga watan gobe don mayar da ita 'yarmu. Ma'aikaciyar da ke kula da takardunta ta ja ni gefe ta raɗa mini cewa mai wayo zai ɗage zaman wata bakwai. Ni da Marlene muka zauna a teburin cin abinci don mu gaya wa Nadine, sai muka tarar ta cika littafi guda da sa hannu, tana koyon rubuta Nadine Haskins.

Saboda haka muna gayyatarka, Yallaɓai, kotu a ranar, ƙarfe goma na safe, ɗaki na biyu a hannun dama. Ka zo ka gaya mata ta jira, da bakinka. Mu mun gwada, bakin ya ƙi buɗuwa.

Naka mai biyayya, mai ladabi, mai gaggawa,

Wendell Haskins
Uban Corinne, kuma uban Nadine daga sha huɗu ga wata