Ranar da Na Tashi Gwamna Daga Kujerarsa

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a shekarata ta uku a London, ranar da na tashi gwamna daga kujerarsa na mai da shi layin baya. Har yau idan na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kafin in zo karatu, shekara goma sha biyu na yi a gidan gwamnatin jiharmu, sashen tarbar baƙi. Aikina in san wa zai zauna ina, wa zai buɗe ƙofar mota, yaushe za a miƙe tsaye. Daga kukan jiniya kawai nakan gane ko gwamna ne ko mataimakinsa. Da wannan ilimi na zo yin digiri na uku ina da shekara arba'in da shida (kada ka tambaye ni dalili, ni ma na daina tambayar kaina), na kuma zaɓi in yi rubutu a kan wani tsohon gwamnan wata jiha a Amurka. Malamin makaranta ne tun asali, ya shiga majalisar jiha, ya yi gwamna sau biyu. A zangon farko ya gina ƙananan asibitoci a ƙauyuka. A zango na biyu, da ya fara hangen kujerar shugaban ƙasa, sai ya sa hannu aka rufe yawancinsu don ya burge manyan jam'iyyarsu. Bai samu shugabancin ba, asibitocin ma ba su dawo ba.

Babi huɗu na rubuta, na biyar ya gagara, domin babu muryar mutumin a ciki. Wasiƙa uku na aika masa, shiru kake ji. Wa'adin da aka ba ni yana ƙarewa, ni ma ina ƙarewa. Da safe jera kaya a wani kanti a Tottenham, da rana laburare, da yamma in hau bas zuwa gida a unguwar Edmonton ina gyangyaɗi. Maiɗakina, Maman Hanifa, ta daina tambayar yaushe zan gama. Sai dai ta ce, "Yaya mutumin naka?" kamar wani ɗan'uwa da ke jinya.

Kwatsam sai ga shi zai zo jami'armu yin lacca. Farfesar da ke duba aikina ta kira ni ta ce tana da taro har biyu da rabi. "Zai iso ƙarfe biyu. Ka tarbe shi, ka ba shi shayi. Rabin awar nan taka ce, ba ni da wata da zan samo maka. Daga lacca jirgin ƙasa zai kama."

Tarbar gwamna? Ai an zo wurin. Na fito da babbar rigata daga ƙasan akwati, ta sha guga a hannun Maman Hanifa. Tun ƙarfe ɗaya na isa zauren laccar, na zaɓi kujerar tsakiya a layin gaba, na goge ta da hankici, na liƙa mata takarda mai cewa ta gwamna ce. Sannan na fita bakin titi na tsaya cikin yayyafi, rikoda a aljihu, ido a kan hanya.

Baba Alhasan, mai gadin ginin, mutumin Gana ne, da shi nake rage kewar Hausa. Ya leƙo ya ce, "Malam, me kake jira cikin ruwa?"

Na ce, "Motocin gwamna."

Ya yi dariya. "Garin nan manya tube ne yake kawo su, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa. Ka shigo kafin mura ta kama ka."

"Baba," na ce, "wannan fa aikina ne."

Muna cikin haka wani dattijon Bature ya zo wucewa, siriri, mai sanƙo, da rigar ruwa da jaka goye a baya. Ya tambaye ni ina zauren lacca. Na nuna masa da hannu, ko kallonsa sosai ban yi ba. (A nan zan ɗan kare kaina: hoton gwamnan da ke bangon ɗakina na wani ƙato ne mai baƙin gashi, an ɗauke shi shekara talatin da suka wuce. Na san wannan ba hujja ba ce.)

Biyu ta gota da minti biyar babu mota, ruwa ya ƙaru. Na shiga in sake duba kujera, sai na tarar da dattijon nan zaune daram a kanta yana goge tabarau. Raina ya ɓaci. Na je da muryar aiki na ce, "Yi haƙuri, wannan kujerar ta gwamna ce."

Ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce, "To, babu laifi." Ya ɗauki jakarsa. Ni da kaina na raka shi layin baya, kuma da yake daga tagar wurin ana hango titi, sai na zauna kusa da shi. Ya tambaye ni ko na san gwamnan.

Na ce, "Sani? Shekara uku ina kwana ina tashi da shi."

Gajiya ce ta buɗe mini baki, da haushin makarar babban baƙo. Na zayyane masa komai, tun daga ajin da mutumin ya koyar har asibitocin. Na ce wanda ya gina da wanda ya rufe mutum ɗaya ne, kuma matan ƙauyen da suka koma haihuwa a hanyar birni ba ruwansu da jawabansa masu daɗi. Dattijon ya ce, "Me kake gani ya sa ya rufe su?"

"Tsoro," na ce. "Ya ji tsoron rasa kujerar da bai ma samu ba tukuna. Kuma ya sani. Shi ya sa ba ya amsa wasiƙa."

Ya dubi tafin hannunsa. Ni kuwa na miƙa wuya ina leƙen titi.

Biyu da rabi daidai farfesa ta shigo da sauri, mutane na biye da ita. Ta wuce layin gaba, ta waiwayo, ta hango mu, fuskarta ta washe. Ta taho ta riƙe hannun dattijon da hannu biyu. "Gwamna! Me ka zo yi a baya? Na ga dai kun haɗu da ɗalibina. Yaya hirar?"

Ban san sanda na miƙe ba. Babbar rigar nan ta yi mini nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Na buɗe baki, abin da ya fito da Hausa ya fito: "Ranka ya daɗe." Daga bakin ƙofa na ji Baba Alhasan yana tarin ƙarya.

Gwamna ya ce, "Hira ta yi kyau. Sai dai ni na yi tambayoyin."

Laccar ban ji ko kalma ɗaya ba. Lissafi nake yi: rabin awata ta tafi, shayi bai sha ba, rikoda na aljihu ko kunna ta ban yi ba, babi na biyar ya mutu. Da aka tashi na laɓe bayan ƙofa, amma sai da ya nemo ni. Yana saɓa jakarsa ya ce, "Wasiƙunka suna kan teburina. Na kasa amsawa ne. Rubuta abin da ka faɗa ɗazu. Tsoro na ji. Ka ce ni na gaya maka." Ya ja hular rigar ruwansa, ya fita shi kaɗai ya nufi tasha, ba wanda ya riƙe masa ko lema.

Jimla ɗaya ke nan na samu bayan shekara uku, kuma a kanta na gina babin gaba ɗaya. Da na ba Maman Hanifa labari sai da ta zauna don dariya. Ta ce, "Da ka gane shi fa?"

Na san amsar. Da na gane shi, da na rusuna na zuba masa shayi, na tambaye shi sirrin nasararsa, ya ba ni jawabi mai daɗi in kai gida. Shekara goma sha biyu ina tsaye a bayan gwamnoni, motocinsu na sani da takalmansu. Sau ɗaya tak na taɓa gaya wa gwamna gaskiya a rayuwata, shi ma don ban san shi ba ne.