Zumata, Na Dawo!

Ko zan manta komai a zamana na Amurka, ba zan taɓa mantawa da yammacin Larabar nan ba. Har yau in abin ya faɗo mini ina tuƙi, sai in tsinci kaina ina dukan sitiyari ni kaɗai.

Laifin wani tsohon wasan barkwanci ne na talabijin, irin baƙi da farin nan na da. Da shi na gyara Turancina farkon zuwana garin Woodbridge. Iyali ne tsaf-tsaf. Uba ya dawo daga aiki da kwat da hula, ya kira matarsa zuma tun daga ƙofa, ya sumbace ta a kumatu, a zauna a tebur, yaron da ya yi ƙarya da safe ya amsa laifinsa kafin a kwashe kwanuka. Abin ya shiga raina ƙwarai. Na ce ai wannan tarbiyyarmu ce, kwat ɗin ce kawai bambanci. Duk cikin kyawawan halayen nan, sai na ɗauko mafi arha: kullum na dawo in kwaɗa "Zumata, na dawo!" (Hafsat, matata, ta ce kamar mai talla a kasuwa, amma dai ba ta hana ni ba.)

Ana nan sai mahaifiyarta, Hajiya, ta zo daga Kano, don Hafsat na dab da haihuwa. Dama Hajiya ba ta so aka kai 'yarta nesa ba. Burina ɗaya ne, ta koma gida ta ce yarinyar tana hannun mai hankali. Kwana huɗu ina durƙusawa in gaishe ta, idona a ƙasa, ko ruwa ba na sha a gabanta.

Rana ta biyar cunkoson motoci ya riƙe ni kusan awa biyu a hanya. Na iso a galabaice, yunwa na cina, na manta shaf akwai baƙuwa. Ƙamshin miyar kuka ya ja ni kicin. Ga jar rigar sanyin Hafsat a gaban tukunya (wa ya san ta ara wa uwarta?). Ban yi wata-wata ba na dafa kafaɗu, na ce, "Zumata, na dawo!" na manna sumba a kan ɗankwali.

Kafaɗun suka sandare. Aka ajiye ludayi a hankali.

"Wa alaikumus salam," in ji Hajiya, ko juyowa ba ta yi ba. "Sannu da zuwa, Malam. Ya aiki?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zube a wurin, na ce, "Hajiya, ina kwana?" Ƙarfe shida na yamma! Hafsat kuwa tana kan matakala, ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye. Na fice na zauna a mota, na tashi, na zagaya gidan, na sake komawa motar.

Wata uku Hajiya ta yi, ba ta taɓa tada maganar ba, ni kuwa kullum a ɗarare. Sai a filin jirgi, na durƙusa ina mata sallama, ta ce, "Tashi, Malam. Hankalina ya kwanta, na ga yarinyar ba ta rasa kulawa ba. Amma ka riƙa sallama."

Tun daga ranar, daga bakin ƙofa nake tsayawa in yi sallama, kuma ba na ɗaga ƙafa sai na tantance muryar wadda ta amsa.