Dakta Ja da Rawaya na Kasuwar Belén

Wanda bai san Don Eleuterio Pacaya ba, bai san birnin Iquitos ba. Shi ne mai kantin magani a bakin kasuwar Belén, mai farar rigar likita wadda ba ta taɓa shiga asibiti ba sai dubiya. Bai yi makarantar likitanci ba. A cewarsa, makarantar ce ta yi asara.

Zawo ne fanninsa. Ciki ya ɗan murɗa, sai ya zazzago maka ƙwayoyin kashe cuta kamar gyaɗa, ja da safe, rawaya da yamma, har unguwa ta raɗa masa Dakta Ja da Rawaya.

"Da cikin ya tsaya ki daina ba yaron, ƴar uwa," yakan ce. "Ragowar ki jefa wa kajinki a ruwa, su ma bayin Allah ne."

Wata likitar gwamnati ta taɓa zuwa ta ce masa irin wannan sha barkatai na sa ƙwayoyin cuta su saba da magani. Ya yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Su saba? Ni da na tsufa ban saba da surukata ba, balle abin da ido ba ya gani."

Da jikan Doña Zoila mai kifi ya kama zawo da jini, ja ta gaza, rawaya ta gaza, Dakta ya ce yaron ne mai taurin kai. Da ƙyar asibiti ya ceto shi. Dakta ya bayyana wa kasuwa cewa maganinsa ne ya yi aiki a makare. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar bikin San Juan ƴan kasuwa suka ba shi damar yin jawabi kan lafiyar al'umma. Ya ci ƙunshin shinkafa da kaza har ya koma zagaye na biyu, ya kora da ruwan ƙanƙarar bakin kogi, ya hau mumbari.

"Ya ku jama'a, a hannuna zawo ya durƙusa a garin nan…"

Cikinsa ya yi tsawa, lasifika ta ɗauka. Ya sauko da ƙananan taku, cinya a matse.

Ya sha ja, ya sha rawaya, ya ɗauko fara da yake ɓoye wa manyan baƙi. Shiru. Idonsa ya faɗa, aka loda shi a babur mai ƙafa uku zuwa asibiti. Gwaji ya nuna duk kantinsa babu ƙwayar da ke taɓa cutar, sai da aka aiko da wata allura daga Lima, babban birnin ƙasar.

Da ya farfaɗo, ƴan dubiya suka cika ɗakin. Ya gyara zama, robar ƙarin ruwa na lilo a hannunsa.

"Babban likita da kansa ya ce bai taɓa ganin ƙwayoyin cuta masu ƙarfi irin nawa ba."

Matarsa Doña Eufemia, wadda ta ƙare makon tana wankin wandunansa, ta ce, "Ai dole, tsoho. Duk garin nan su kaɗai ne suka ƙaru da kai."