Ranar da Na Ƙwato wa Binta Sandarta

Ni ce na miƙe a taron iyaye na makarantar su Binta a Barnawa, a shekarun tamanin, na ce guje-guje ba aikin 'yan sakandare ba ne, karatu muka kawo su. Har da Turancina. Ranar gasar guje-gujen makarantar na yafa mayafi na tafi in ɗauko 'yata.

Ina isa bakin fili aka busa usur. Sai ga Binta, wadda aiken kanti ke cin ta awa guda, ta taho da guntuwar sanda a hannu kamar ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Na saki baki ina ta subhanallahi. Ashe Allah ya ajiye wannan baiwa a gidana ban sani ba? Har hawaye na yi.

Kawai sai wata doguwar yarinya ta fizge sandar za ta zura. A gabana! Ban san lokacin da na tsallake igiya na cafke rigarta ba.

"Mayar mata da kayanta! Ba kya tsoron Allah?"

"Mama, sake ta!" in ji Binta tana haki. "'Yar ɓangarenmu ce, miƙa mata ake yi!"

Kafin in saki, duk sauran sun wuce, kofin ya tafi wani ɓangaren. Maƙwabciyata Maman Ladi ta yi dariya har da zama a ƙasa.

Har yau in Binta ta miƙa wa ƙanwarta muciya, sai maigidana Malam ya ce, "Karɓa a hankali, Hajiya na kallo."