Wayoyi Ukun da Na Murɗe

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, ko da yake na so in manta. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da zai sake taɓa mutuncin wani. Amma da sauran aiki a kaina, shi ya sa na daure.

Ni ne mai kula da ɗan masallacin layinmu a Agege, Legas: shara, tabarmi, butoci da lasifika. An san ni da taka-tsantsan. (Matata tana da wani sunan da take kiran wannan halin.) Ni ne mutumin da zai kulle ƙofa, ya kai bakin titi, ya dawo ya ja kwaɗon ya gani.

Damuwarmu ita ce ɗauke wuta daidai lokacin kiran salla. Sai Alhaji mai benen da ke jikin masallaci ya sayo ƙaramin injin iska, mai fukafukai uku kamar fanka, wanda in ya juya yake cajin batir. Aka kira Ishaya mai gyaran wuta, ɗan kudancin Kaduna, wanda ya yi wa rabin gidajen layin aiki. Ya kafa injin a saman benen, ya jawo wayoyi uku zuwa wani akwati a ɗakin ajiyar masallaci, daga akwatin kuma zuwa batir. Ranar fankar ta yi gudu har ba a ganin fukafukanta.

Kafin ya tafi ya nuna mini wasu guntayen wayoyi uku da ya fitar kusa da akwatin, kowacce da salatif a bakinta. Ya ce, "Baba, nan zan sa makunni in na samo. A bar su haka."

"A bar su haka" bai kwanta mini ba. Wayoyi a warwatse, kowacce ta kalli gabanta, ga mutane suna shiga ɗaukar tabarmi. In rigar wani ta kama fa? In ɓera ya ci salatif ɗin fa? Washegari bayan azahar, iska ta kwanta, na ɓare salatif ɗin, na haɗa bakunan ukun na murɗe da filaya, na naɗe su tamau da nawa jan salatif, na cusa bayan akwatin. Na fito ina jin na yi aikin lada.

Daga ranar fankar ta tsufa. Iskar damina za ta zo ta kwashe wa mata shanya, ita kuwa ta juya sau ɗaya ta tsaya hutu. Batir ya mutu. Ko kusa ban haɗa wannan da wancan ba, ai ni gyara na yi. Na goge bakin batir, na duba fis safe da yamma, na kira Ishaya, ya ce yana kan wani aiki a Obalende sai mako na sama. A cikin kwanakin nan ne bakina ya kama aiki. Duk wanda ya tambaye ni sai in rage murya in ce, "Ba wai zargi nake ba, amma anya ba a musanya injin nan da tsoho ba?" Maganar ta kai kunnen Alhaji. Ya ce in haka ne, Ishaya ba zai ƙara taɓa waya a layin nan ba.

Ranar Asabar bayan la'asar Ishaya ya zo, ya tarar da Alhaji da liman da dattawa suna jiransa. Daga gaisuwarsa na gane ya ji komai. Ya hau benen, ya juya fukafukan da hannu, ya sauko.

"Oga, injin lafiyarsa ƙalau. Birki aka taka masa."

Alhaji ya ce, "Birki kuma? Motar danfo na saya?"

Ishaya ya yi bayani. In wayoyin nan uku suka haɗu da juna, injin riƙe kansa yake yi. Makunnin da zai sa ma aikinsa ke nan, don a tsayar da fankar ranar guguwa. Ya zura hannu bayan akwatin, ya zaro ƙullina, ya ɗaga shi sama.

"Wanda ya yi wannan ya iya naɗi," in ji shi. "Ni kaina ba na yin mai kyau haka."

Liman ya kalli ƙullin, ya kalli tsintsiyar da ke jingine a bakin ƙofa, wadda aka naɗe wa gindi da jan salatif iri ɗaya, sannan ya kalli silin.

Na ce, "Ni ne."

Alhaji ya ce, "Malam, mako biyu kana neman ɓarawo, makullin ɗakin yana aljihunka?"

Ishaya ya warware wayoyin. Bai gama naɗe ta ukun ba muka ji fankar ta ɗauka a sama. Na ba shi haƙuri a gaban kowa. Ya ce, "Ba komai, Baba. Amma gobe in ka ga waya, ka gaishe ta kawai ka wuce."

Na koyi cewa wanda ya cika tsoron ɓarna yakan riga ɓera yin ta. Na kuma koyi cewa duk maganar da aka fara da "ba wai zargi nake ba", zargi ce.

Na bi duk waɗanda na faɗa wa maganar, gida-gida, na janye ta. Saura mutum ɗaya. Wani direban motar albasa ne da muka zauna kujera ɗaya a danfo daga Ketu, dogo, mai maganar Sakkwato, da tabon ƙuna a hannun hagu. Ya ce yana neman mai gyaran wuta, ni kuma na ce ban da Ishaya. Ban tambayi sunansa ba. Don Allah duk wanda ya san shi ya sanar da ni inda yake sauke kaya, ko ya faɗa masa Ishaya ya iya aikinsa.