Injiniya Babakura da Jar Fitilar Mashin

Duk faɗin Umarari, kai har ka dangana da Dusuman, babu wanda ya san ciwon mashin kamar Injiniya Babakura. Shi da bakinsa ya gaya mana haka, kuma dattijo ne, ba a ƙaryata shi.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a garejin wata ma'aikata kafin ya yi ritaya. Mahassada suna cewa sito yake tsaro, wai aikinsa bai wuce ya miƙa wa makanikai sifana da safe ya karɓe ta da yamma ba. To, ko da hakan ne, sifana nawa ta bi ta hannunsa? Mu dai 'yan majalisar gindin darbejiya ba ma sauraron ƙananan maganganu. Mu muka naɗa shi Sarkin Sifana, ya karɓa hannu biyu, bai ko tambaya ko da wasa muke ba.

Yana da shuɗiyar rigar aiki mai haɗe da wando, duk mako ana wanke ta a goge, ko ɗigon mai bai taɓa samun ta ba. Yana da akwatin kayan aiki mai hawa uku, komai na ciki yana walƙiya kamar kwanukan jere. Yana kuma da littafin mashin ɗinsa, wanda aka rubuta da wani harshe da babu mai jin sa a unguwa. Yakan buɗe shi, ya gyara tabarau, ya daɗe yana gyaɗa kai. Na taɓa tambayarsa abin da aka ce a wani shafi. Ya ce, "Malam Mikail, abin da na riga na sani ne."

Mashin ɗin tsohon ɗan Beljiyam ne, ya girmi yawancin samarin unguwa. Abin taƙamarsa fitilu huɗu ne a jikin mita. Akwai koriya mai nuna an sa firi, wato inji ba ya cikin giya, da shuɗiya ta babbar fitila, da ruwan lemo ta sigina, sai kuma ja mai hoton 'yar buta, ta baƙin mai.

"Mashinan 'yan acaɓa bebaye ne," in ji Injiniya. "Nawa magana yake yi. Sai dai ba kowa yake yi wa ba."

Ga inda na shigo labarin, kuma ba zan ɓoye rabona ba. Ɗan yayana, Habib, ya ga yarinya a Maisandari mai suna Rashida. Maganar aurenta a hannun baffanta take, Malam Kashim, makanikin mashin. Ya aiko cewa mu zo ranar Asabar bayan la'asar. In ba mu zo ba zai saurari wasu, don akwai wani mai shagon magani da ya riga ya turo manyansa har sau biyu. Yayana ya wakilta ni. Habib kuwa ya daina cin abinci sosai tun ranar Talata, ya roƙe ni in shiga tasi in tafi da wuri.

Ni kuwa na yi wani tunani mai zurfi. Gidan makaniki za mu. In na je da injiniya sukutum, a kan mashin mai magana, ai tun kafin mu buɗe baki sun san irin dangin da suka zo. Na taka har gidan Babakura na roƙe shi ya raka ni. Ya ce zai duba ayyukan da ke gabansa. Ya ɗaga kai ya dubi darbejiya na ɗan lokaci, ya ce ya samu sarari.

Shekarar shingaye ce, kafin a hana hawa mashin a gari gaba ɗaya. Kowane shingen sojoji sai ka kashe inji tun daga nesa, ka sauko, ka tura har ka wuce buhunan yashi. Ƙarfe shida na yamma kuwa, duk mai mashin ya tabbata yana gida.

Ranar Juma'a Injiniya ya sanar cewa zai yi wa mashin juye saboda tafiyar. Ya sa rigar aiki, aka shimfiɗa mana tabarma, muka zauna kallo. Ya zubar da tsohon mai, ya zuba sabo. Da aka zo mayar da notin da ke ƙarƙashin inji sai aka samu 'yar matsala, domin ɗaure shi da kyau sai an kwanta a ƙasa, rigar kuwa jiya aka goge ta. Ya sunkuya daga tsaye, ya murɗa shi da yatsa biyu.

"Noti ba ya son ƙarfi, hankali yake so," ya ce mana. "'Yan bakin titi ne ke ɗaure shi kamar sun kama ɓarawo."

Muka ce lalle.

Asabar bayan azahar na iso cikin babbar riga, da ƙullin goro da kwalin alawa. Injiniya ya buga kik, mashin ya tashi. Koriya ta kama ta mutu yadda ta saba. Ja ta kama, ta ƙi mutuwa.

Ya dube ta, ita ma kamar tana dubansa.

"Wannan fitila cewa take yi babu baƙin mai," ya ce. "Wa ya zuba baƙin mai jiya? Ni. A gaban shaidu. Ke nan tsakanina da ita akwai mai ƙarya, kuma ka san ni."

Aka buɗe akwati mai hawa uku. Ya kankare kan batir. Ya zaro fis ya ɗaga shi sama ya mayar. Ya kwance fulogi, ya hura masa iska, ya shinshina, ya ce lafiyarsa ƙalau, da ma ya sani. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana jan su kamar mai zaɓen zare a kasuwa. Abu ɗaya ne bai taɓa ba, 'yar sandar nan da ake zarowa a ga ko akwai mai. Zaro ta daidai yake da zargin kansa, shi kuwa Injiniya ba ya zargin mutumin kirki.

Don kawar da shakka ya buga wa Uzochukwu waya, mai sayar masa da kayan gyara a kasuwa. Ina jin muryarsa daga inda nake tsaye.

"Baba Injiniya, kar ka hau shi. Duba mai tukuna. Ko ɗaya kar ka hau."

Injiniya ya kashe waya ya yi murmushi. "Ɗan kasuwa ke nan. Mai yake so ya sayar."

A nan ne idona ya kai kan yashin da ke ƙarƙashin mashin. Ya yi baƙi, ya jiƙe, faɗinsa ya kai faifai. Na nuna masa.

"Gumi ne," ya ce. "Inji mai lafiya yana fitar da abin da ya yi masa yawa."

Ni da na shekara ashirin ina koyar da 'ya'yan mutane a makaranta, na dubi gumin da ke bin wuyana, na ga maganar ta hau.

Sai aka zo babban gyara. Ya ɗauki sukudireba ya buɗe bayan mita, ya zare ƙwan jar fitilar, ya naɗe shi a hankici ya sa aljihu. Ya sake tayar da mashin. Babu ja ko ta magani.

"An gama," ya ce.

Na ce madalla da ilimi, na tattare babbar riga na hau baya.

Shinge na farko muka sauka, muka tura, muka hau. Na biyu ma haka. Bayan na biyun ne inji ya fara wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, wani ƙauri kuma ya taso irin na tukunyar da aka manta a wuta. Na taɓa kafaɗar Injiniya.

"Gyaran murya yake yi," ya ce, bai waiwayo ba.

Mashin ya gama gyaran murya, ya yi shiru. Injiniya ya taka kik, kik ya ƙi motsi kamar an yi masa walda. Allah ya rufa asiri, shinge na uku yana gabanmu kaɗan, ga mutane a jere kowa na tura nasa.

"Da ma a nan na yi niyyar kashe shi," in ji Injiniya.

Muka shiga layi da mutuncinmu. A wannan zamanin babu mai gane mataccen mashin daga mai rai, tunda duka tura su ake yi. Matsalar ta taso ne bayan an wuce buhunan yashi. Kowa ya buga nasa ya hau ya tafi, mu muka ci gaba da turawa. Wani soja ya ɗaga murya daga bayanmu.

"Baba, kun wuce. Ku hau mana."

Injiniya ya tsaya ya juyo a hankali. "Ɗana, doka ba ta ƙarewa a inda buhun yashi ya ƙare. Mu manya mu ne za mu nuna misali."

Sojan ya bi mu da kallo har muka sha kwana. Ina jin tunda aka kawo shi garin nan bai ga masu biyayya irinmu ba.

Na ce mu jingine mashin a wani wuri mu shiga tasi. Ya ce, "Mashin a yashe a bakin titi, babu mai shi, a wannan zamani? Ka san abin da za a ɗauke shi, bam." Ita ce gaskiya ɗaya da ya faɗa ranar, kuma ita ta ɗaure mu. Muka wuce rumfar makanikai biyu. A ta biyun wani ya ce, "Baba, a duba ne?" Injiniya ya ce masa motsa jiki muke yi, likita ya sa mu.

An raba aiki bisa cancanta. Shi ya riƙe kan mashin, don tuƙi yana bukatar ilimi. Ni na tura daga baya, don turi ba ya bukatar komai. La'asar ta same mu a hanya, muka yi ta a wani masallacin bakin titi. Habib ya kira ni sau uku, sau uku ina ce masa muna wajen shinge. Ban yi ƙarya ba, a garin nan duk inda ka tsaya kana wajen wani shingen. A kira na ukun bai ce komai ba sai, "Baffa, don Allah." Na ƙara sunkuyawa na tura.

Biyar da rabi muka shiga Maisandari. A ƙofar gidan har an fara naɗe tabarma. Malam Kashim gajere ne mai ƙarancin magana, faratansa baƙi ƙirin da aikin shekaru. Ya ce wushe, wushe, wato sannu da Barbarci, ya sa aka sake shimfiɗawa, aka kawo ruwa. Na shanye kofi biyu kafin in tuna ana gaisawa.

Injiniya ya gyara zama ya buɗe jawabi. Ya yi bayanin halin tsaro, da yawan shingaye, da yadda masu ilimi ke shan wahala saboda bin doka. Malam Kashim yana saurare, amma hancinsa yana wajen mashin. Can ya ce a gafarce shi, ya tashi ya tsuguna a gindinsa. Ya sa yatsa ya taɓa notin ƙasa, noti ya juya kamar yana jiran a gaishe shi. Ya zaro 'yar sandar mai, ga ta a bushe. Ya leƙa mita, ya ga rami.

"Ina jar fitilar?"

Injiniya ya fito da hankici ya warware. "Na dakatar da ita daga aiki. Jita-jita take yaɗawa."

Malam Kashim ya dubi ƙwan, ya dubi Injiniya, ya dawo ya zauna. Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Na tura goro gaba. Na buɗe kwalin alawa, na tarar rana ta narkar da ita ta zama dunƙule ɗaya. Haka na miƙa ta. Da muryar da ta rage mini na faɗi abin da ya kawo mu, ina faɗa ina hango mai shagon magani yana auna sabuwar hula.

Malam Kashim ya ɗauki goro ɗaya ya juya shi a hannu. Sannan ya ce, "Malam Mikail, daga ina kuka turo shi?"

Na gaya masa.

"Kai ka tura?"

Na ce ni ne.

"To. Wanda zai turo gawar mashin tun daga can don kada ya saɓa alkawari, 'yata ba za ta wulaƙanta a gidansu ba. Na ba Habib Rashida. Kuma gaskiya danginku suna bukatar makaniki."

Aka yi fatiha. Ban san lokacin da hawaye ya haɗu da gumi ba. Injiniya kuwa ya ga bai kamata a tashi taro ba a ji gudummawarsa ba. Ya yi gyaran murya ya ce, a matsayinsa na uba, ya ɗauki nauyin duba mashin ɗin da Habib ke zuwa aiki da shi, kyauta, muddin ransa.

Malam Kashim ya ajiye goron da ya ɗauka.

"Sharaɗina ɗaya ne, Malam Mikail. Duk abin da 'yata za ta hau, kada bawan Allahn nan ya taɓa shi."

Na amsa da sunan dangi gaba ɗaya tun bai rufe baki ba.

Muka bar mashin a rumfar Malam Kashim, muka samu tasi. Muna zaune a baya, ni bayana ya ƙi miƙewa, Injiniya ya matso ya rage murya.

"Ka ga yadda ya gane ni nan take? Tsoron gasa yake yi."

Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna wanda ya taka har gida ya roƙe shi ya raka shi.

Na ce, "Haka ne, Injiniya."